Wuraren cajin mota a gefen Jidda: sun ishi mai gida, ba su ishi ɗan haya ba

Wanda yake zaune a Ubhur ta Arewa, ko Hamdaniyya, ko can kudu wajen Khumra, ko Bahra da ke kan hanyar Makka, motarsa ba ta sanin hutu. Daga Ubhur zuwa tsakiyar Jidda kilomita 30 ne ko fiye, kafin a je a dawo an ci 60 zuwa 70, tun ba a kai yara makaranta ba, ba a leƙa kasuwa ba. Tun da aka fara rusau a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, 'yan'uwanmu da dama suka koma irin waɗannan unguwanni na gefe, kuɗin mai kuwa ya shiga sahun haya da faturar wuta a lissafin wata. Shi ya sa zancen motar lantarki ya shigo majalisu, kuma tambayar guda ce: in an saya, ina za a yi mata caji?

Amsar a taƙaice ita ce, wuraren caji na jama'a da ke gefen garin nan sun isa su tallafa wa wanda yake da caja a gidansa. Wanda yake haya a shaƙƙa, wato sashe a gidan bene, motarsa tana kwana a bakin titi, shi ne zai sha wuya, sai fa in ya yi dace akwai caja mai sauri a kan hanyar aikinsa, da kuma wata ta biyu da zai koma in ta farko ta ƙi.

Ba wai hukuma tana barci ba ne. A watan Oktoba na 2023 aka kafa kamfanin EVIQ, wanda asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, PIF, yake da kashi 75 cikin 100 a cikinsa, kamfanin wutar lantarki na ƙasa yake da 25, da niyyar kafa caja 5,000 a wurare 1,000 kafin 2030. Kafin shi, a 2022, Electromin na kamfanin Petromin ya fito da wuraren caji 100 a faɗin ƙasar. Lucid ta buɗe masana'antarta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, kimanin kilomita 100 arewa da Jidda, a Satumbar 2023, Tesla kuma ta shigo kasuwa a Afrilun 2025. Sai dai duk mai kafa caja inda jama'a suke taruwa yake fara nufa: manyan kantuna, otal-otal, bakin teku, wuraren sayar da motoci, da gidajen mai na manyan tituna. Unguwar da gidaje ne zalla da ɗan shagon kayan masarufi da masallaci tana can ƙarshen layi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga ɗigo-ɗigon da ke kan taswirar manhaja. Mutum ya ga ɗigo biyar kusa da gidansa sai hankalinsa ya kwanta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ɗigo ɗaya yana iya zama caja mai cika mota kafin a gama shan shayi, wani kuma sai motar ta wuni a jikinsa.

Cajar iri biyu ce. Ta AC, wadda ta fi yawa a wuraren ajiye mota na kantuna da otal, ƙaramar akwati ce a bango ko a kan ɗan ginshiƙi, bakinta shi ake kira Type 2, ƙarfinta kilowat 7 ko 11 ko 22. Abin da masu sayar da mota ba su cika bayyanawa ba shi ne, a cajin AC ba akwatin ne yake yanke sauri ba, wata na'ura ce a cikin motar da take juya wutar kafin ta shiga batir. Motoci da yawa, musamman masu sauƙin kuɗi, na'urarsu layi ɗaya take karɓa, kilowat 7 iyakarta. Ka jona irin wannan a akwatin da aka rubuta 22, bakwai ɗin nan dai za ta sha. Abin da ya fi ban haushi ma, ka jona ta a akwatin kilowat 11: shi yana ba da amfiya 16 ne a kowane layi cikin uku, ita kuwa layi ɗaya take ja, sai ta ƙare da kilowat 3.7. Mai motar zai ce akwatin ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau.

A yi lissafi da yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, irin wanda mita take ƙirgawa. Matsakaiciyar mota a zafin Jidda, da mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, a kunne, tana cin yunit 20 ko kusa da haka a kilomita 100. Awa ɗaya a kilowat 7 ke nan tafiyar kilomita 35 ce. Wanda ya shiga kanti da iyali ya yi awa biyu ya samu abin zuwa aiki da dawowa na kwana ɗaya. Da babu gara ba daɗi, amma ba wanda zai riƙa zuwa kanti kullum don motarsa ta ƙoshi. Wasu akwatunan AC kuma ba su da igiya a jikinsu, soket ne kawai, dole ka zo da taka mai bakin Type 2 gaba da baya. A duba but ɗin motar tun a wurin saye, don ba kowane dila yake haɗawa da ita ba.

Ta DC ita ce abin dogaron ɗan haya. Babbar na'ura ce kamar firij, igiyarta kauri gare ta da nauyi, bakinta CCS2, wanda shi ne aka tsayar a ƙasar nan. Batir mai yunit 60, daga kashi 10 zuwa kashi 80, yana buƙatar yunit 42. A caja mai kilowat 60 wannan minti 45 ne zuwa 50. A mai 150, in motar tana iya karɓar ɗari ko sama, rabin awa ne ko ɗan fiye. Mai tafiyar kilomita 70 a kullum, kwana shida a mako, ya ci kilomita 420, yunit 84, wato zuwa biyu a mako. Da zuwa da jira da dawowa, a ware awa biyu zuwa uku kowane mako. Wanda ya saba tsayawar minti biyar a gidan mai ya auna wannan da kyau.

Lambar da aka rubuta a goshin na'urar kuwa ba alkawari ba ce. Abubuwa uku suke rage ta. Na farko rabo: na'ura mai kilowat 120 da igiya biyu, in mota biyu suka jona, yawanci kowacce 60 za ta samu. Na biyu igiyar kanta. Wadda ba ta da ruwan sanyaya a cikinta takan tsaya a amfiya 200 ko kusa, kuma batirin yawancin motoci kusan bolt 400 ne, sai a samu kilowat 80 ko da an rubuta 150. Motoci masu bolt 800 ko sama, irin su Lucid da wasu Hyundai da Kia, su ne suke cin moriyar wannan igiyar sau biyu. Na uku, wanda ya fi damun mu a nan, zafi.

Zafin Jidda ba sai an ba da labarinsa ba, garin da ma'auni ya taɓa kai digiri 52 a Yunin 2010. Batir ya fi son ya zauna ƙasa da digiri 35. Mota ta taho daga titin Haramain a guje da azahar, batirinta ya riga ya ɗumama, ka jona mata wuta mai ƙarfi, zafi ya ƙaru. Sai ƙwaƙwalwar motar ta rage abin da take karɓa don kare batirin, ta kunna kwamfuresar mukayyif tana sanyaya shi. Wannan ita ce ƙarar da ake ji kamar motar za ta tashi sama, kuma ba matsala ba ce. In kana zaune a ciki da mukayyif a kunne, kai da batirin kuna rabon sanyi ɗaya, ga kilowat 1 zuwa 3 da yake tafiya a kanka. Ita ma na'urar cajin tana da nata zazzaɓin: fankoki ne suke ja mata iska ta cikin matata, ƙura da gishirin iskar teku suka toshe matatar, sai ta rage ƙarfi da kanta. Shi ya sa caja guda take ba da abu biyu daban, ɗaya da tsakar rana, ɗaya bayan isha'i. Wurin da aka yi wa rumfa, aka kuma ga alamar ana share matatarsa, ya fi wanda aka rubuta wa babbar lamba aka bar shi a rana. Allon da rana take duka kullum ma yakan dushe har ba a iya karanta shi, ga filogin da ba ya taɓuwa don zafi.

Don haka lokacin caji a nan dare ne ko bayan asuba. Matsalar ita ce kowa ya san haka. Daren Alhamis da na Juma'a, da kuma bayan tarawihi a watan azumi, su ne lokutan layi, musamman inda masu ɗaukar fasinja ta manhaja suke taruwa. Bayan sallar asuba ya fi kowane lokaci: iska da sauƙi, batir ya huce, wurin babu kowa. Abu ɗaya da ya kamata a yaba, cajar ba ta jiran ma'aikaci, kai ne kake jona abinka, saboda haka in akwai masallaci a gidan man kana iya jonawa ka shiga salla ka fito ka tarar ta yi nisa.

Kada a tsaya jiran kashi 100 a cajar DC. Daga 80 zuwa sama motar tana shan wutar ne da kaɗan-kaɗan, kashi 20 na ƙarshe yana iya cin lokacin da 70 na farko suka ci, ga ɗan'uwanka yana jira a baya. Masu nau'in batirin da ake kira LFP, wanda BYD da wasu motocin Sin suke amfani da shi, ana so su riƙa cika shi har 100 lokaci-lokaci don ma'aunin ya daidaita, amma wannan aikin cajar AC ne, inda ba wanda ya matsa maka.

In caja ta ƙi tashi, sau da yawa ba lalacewa ta yi ba. Igiyar DC nauyi gare ta, takan rinjayi filogin ƙasa har ƙusar da take kulle shi ta kasa shiga raminta. A tura shi sosai, a ɗan tallafe shi da hannu har a ji ƙarar kullewa. In ta sake ƙi, a cire, a kulle motar, a buɗe, a ɗan jira minti ɗaya, a sake. A duba jan maɓallin gaggawa da ke jikin na'urar, don akwai masu danna shi su tsayar da caji su tafi su bar shi a danne, na'urar kuma ba za ta yi aiki ba sai an murɗa shi ya fito. A leƙa cikin bakin filogin ko yashi ya taru, ko wani ƙarfe ya yi baƙi don ƙuna. In an ga baƙi a bar shi, a koma ɗaya igiyar. In kuma filogi ya maƙale a mota bayan an gama, kada a ja da ƙarfi. Kusan kowace mota tana da wata 'yar igiya ko madanni na sakin kulle, galibi a cikin but ta bayan bakin cajin, kuma gara a nemo inda take tun a gida da rana, ba sai ƙarfe ɗayan dare can Zahban, arewa da gari, ba.

Biyan kuɗi shi ne inda aikin bai nuna ba tukuna. Kowane kamfani da manhajarsa, kowace manhaja da rajistarta da lambar da za a turo wa wayarka, da katin da za ka ɗaura mata. A sauke su duka a gida, a ɗaura katin banki na mada, a tabbatar ya karɓu. Cajar da take ƙarƙashin ƙasa a kanti takan zo da wata fitina: babu sabis a wurin, manhajar ta kasa magana da na'urar da take gabanka. Sannan abin da manhaja take nunawa na cewa wuri a buɗe yake, nufinta ba a jona kowa ba. Ba ta ganin motar fetur da aka ajiye a gurbin, ba ta ganin shingen da mai gadi ya ja bayan an rufe kanti, ba ta kuma gaya maka cewa cajar otal ce ta baƙinsa kawai.

Wanda yake shirin sayen mota ta hannu, ko wadda aka shigo da ita ba ta hannun wakilin kamfani ba, ya buɗe murfin cajin ya duba da idonsa. Motar da aka ƙera don kasuwar Sin bakinta GB/T ne, ba ya shiga CCS2. Akwai abin haɗi, amma na DC tsada gare shi, kuma ba ƙarfe ba ne kawai, 'yar kwamfuta ce a ciki da take fassara tsakanin harsuna biyu, don yadda GB/T yake magana da caja daban ne. Yau ya yi aiki a wannan na'ura, gobe a sabunta manhajar na'urar ya daina. Ta Amurka mai CCS1 ta fi sauƙi, harshensu ɗaya da CCS2, siffar baki ce ta bambanta. Ga ɗan haya da ba shi da caja a gida, motar GB/T araha ce da ba ta ado.

Sai kuɗi. Litar fetur 91 riyal 2.18 ce, ta 95 kuma 2.33. Motar da take shan lita 8 a kilomita 100 tana cin riyal 17.44. A gida, yunit halala 18 ne (halala 100 ce riyal ɗaya) har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura 30, a ɗora harajin kashi 15: 20.7 da 34.5. A ƙara kashi 10 da yake salwanta a caji, yunit 22 ke nan a kilomita 100, riyal 4.55 a farashin ƙasa, 7.59 a na sama. Gidan da mukayyif biyar ko shida suke aiki dare da rana a bazara yana iya haura 6,000, ya yi lissafinsa da na saman. Ko a haka ribar a fili take. A cajar waje kuwa, farashin yana cikin manhaja, kuma ma'aunin mai sauƙi ne: a raba 17.44 da 20, a samu halala 87. Duk yunit da ya kai wannan, kai da mai fetur kun yi kunnen doki, kai kuma ka ƙara da zaman jira. In motar da za ka bari ƙarama ce mai shan lita 6, ma'aunin ya sauko halala 65. Cajar da ake bayarwa kyauta a wasu wurare ta talla ce, kada a gina lissafin shekara biyar a kanta.

Wannan ne ya sa mai fila ko gidan ƙasa da gareji ba shi da abin tunani. Akwatin bango mai kilowat 7.4 yana jan amfiya 32, yana son layinsa shi kaɗai daga allon wuta, da burekar amfiya 40, da waya mai kaurin murabba'in milimita 6 in tazarar gajeriya ce, 10 in ta yi nisa ko za ta bi ta rana, da na'urar yanke wuta in ta zurare, irin wadda take gane zurarar DC, da kuma waya ta ƙasa mai kyau. A sayi akwati mai shaidar SASO, hukumar tantance ingancin kaya, a kuma bi ta kamfanin wuta a tabbatar mitar za ta ɗauki ƙarin nauyin. Sabbin unguwannin gefe suna da sa'a ɗaya: wutarsu mai bolt 230 da 400 ce, tsarin da aka amince a koma kansa tun 2010. Tsofaffin gine-gine masu 127 da 220 kuwa, 220 ɗinsu tsakanin layi biyu masu rai ake samunta, wasu akwatunan kuma in ba su ga layin nutiral ba ba sa yarda su tashi. A tambayi mai gyaran wuta kafin a biya kuɗin akwati.

Ɗan haya a gidan bene yana da ƙofa ɗaya da ya kamata ya ƙwanƙwasa kafin ya haƙura. In yana da gurbin ajiye mota a ƙasan ginin, kuma mitarsa tana kusa, ya nemi izinin mai gida a rubuce a ja masa layi daga mitar tasa. Ko soket mai kyau guda ɗaya yana aiki: igiyar da take zuwa da mota tana jan amfiya 10, kilowat 2.3, awa takwas na dare ya ba da yunit 18, kusan kilomita 80 bayan an cire asara. Wannan ya rufe tafiyar yini. Sharaɗin shi ne soket ɗin ya kasance a layinsa, a taɓa shi bayan awa ɗaya a ji ko ya yi zafi. Zuro doguwar waya ta taga daga hawa na uku, kamar yadda ake yi wa fitilar biki, neman gobara ne. Soket ɗin ɗaki ba a yi shi don ya ɗauki wannan nauyi awa takwas a jere ba.

Tafiyar Makka ita ce gwajin da kowa yake yi a zuciyarsa. Daga Ubhur zuwa Harami ya haura kilomita 100, zuwa da dawowa a gudun babban titi yunit 40 ne zuwa 48. Batir mai 60 da aka tashi da shi a kashi 80 yana da 48 daidai, ba abin da ya rage na cunkoso ko neman wurin ajiye mota. Ranar umra a cika shi 100 tun dare. Madina kimanin kilomita 420 ce, dole a tsaya a hanya, kuma inda aka yarda a yi gudun 140 nan ne batir yake zuba kamar tulu mai huda, don turjiyar iska a 140 ta fi ta 110 da kusan kashi 60 cikin 100. A sauko 110, a nufi cajar hanya da aƙalla kashi 20 a hannu, a san ta gaba da ita tun kafin a tashi. Hawan Hada zuwa Ɗa'if kuma, daga Makka zuwa tsayin kusan mita 2,000, yana cin ƙarin yunit 9 zuwa 10 a mota mai nauyin tan biyu. A gangara motar tana maido da kaso mai kyau cikin batir, amma sai in akwai wurin zuba shi, saboda haka kada a cika ta 100 a saman dutse.

Kafin a kai kuɗi wurin dila, a yi mako ɗaya ana zuwa cajar DC mafi kusa da motar da ake da ita yanzu, a daidai lokutan da za a riƙa zuwa in an saya. A ƙirga igiyoyin CCS2 da suke aiki, a ga mota nawa ke jira, a leƙa allon wanda yake caji a ga kilowat nawa yake samu, a tambaye shi, masu motocin nan ba sa rowar bayani. A auna tazarar wurin daga gida, sannan a auna daga nan zuwa ta biyu. In ta biyun ta wuce kilomita 15, duk ranar da aka tarar ta farko ba ta aiki sai an ƙara tafiyar kusan kilomita 30 da batirin da ya riga ya yi ƙasa.